Jan Kifin Darwish

Bayan rasuwar Umma, da aka fitar da gadon asibitin nan daga falo, sai wurin ya zauna fayau. Babu komai sai shatin ƙafafun gado a kan darduma, da soket ɗin da injin numfashinta yake ci a bango. Na ja kujera na sa a wurin, ba ta dace ba. Na kawo tukunyar fure, ta bushe. Kuma ba ganin wurin ne ya fi ci mini rai ba, shirun ne. Shekara da shekaru injin nan yana gurnani har kunnena ya daina jin sa, ranar da aka kashe shi sai gidan ya yi tsit kamar an cusa mini auduga. Ni Asmahan, da 'yan makaranta suke jin takuna tun daga ƙasan bene su shiga taitayinsu, sai ga ni ina kunna injin wanki ba kaya a ciki, don dai wani abu ya yi ƙara a gidan.

Tsuntsu na fita saya, in gaya muku gaskiya. Na tarar da shagon a rufe ana sallar la'asar, na tsaya a inuwar shagon da ke kusa ina jira, zafin Jidda yana dafa ni a cikin abaya. Da aka buɗe ƙofar da ke bayana sai na ji gurnanin nan yana fitowa, ƙasa-ƙasa, ba ya yankewa. Injinan ruwa ne na tankunan kifi. Ban ƙara bi ta kan tsuntsu ba.

Mai shagon, Mabkhut, mutumin Hadramaut ne da ya tsufa a garin nan, tumbinsa yana riga shi isa ko'ina. Kallo ɗaya ya yi mini ya ce Abla, wato malama, don macen da ta taɓa riƙe alli ba ta ɓuya.

"Abla, kifin ruwan daɗi za ki ɗauka," in ji shi. "Wanda ko kin manta da shi zai yafe miki."

"Wa ya ce maka ni mai mantuwa ce? Na teku nake so."

"Na teku surukai ne fa. Kowa da abin da ba ya so, kuma ba zai faɗa ba sai dai ki ga ya kwanta."

"Ban taɓa aure ba. Ka ga sai in ɗanɗana."

Ya yi dariya har tumbin yana rawa, ya ce to Allah ya ba da zaman lafiya.

Ƙaramin tanki na ɗauka, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Ya zo ya shimfiɗa farin yashi, ya jera duwatsun teku masu ramuka, ya haɗa ruwa da gishiri, ya kunna inji a soket ɗin Umma. Sannan ya ce kada in kuskura in sa ko kifi ɗaya sai ruwan ya nuna, wata guda ko fiye. Haka na zauna ina gadin ruwa da duwatsu. Maƙwabciyata ta leƙo wata rana ta tambaye ni ko ruwa nake kiwo, na ce mata e, kuma ya fi 'ya'yanta jin magana. Ba ta sake leƙowa ba.

A ƙaramin tanki ba abin da ya yi maka kyau kake sakawa ba, wanda zai iya zama da wani kake nema. Masu shara ne suke fara shiga, wato dodon koɗi da 'yan ƙaguwar nan masu aron gidan koɗi su shige. Bayan su sai masu tsoro, don su riga kowa kama wuri. Mai faɗa shi ne na ƙarshe, a babban tanki ke nan. A irin nawa ba ya shiga sam, domin babu lungun da mai tsoro zai gudu ya ɓuya. Wannan ban buƙaci a maimaita mini ba, duk wanda ya taɓa tsara zaman aji ya san shi.

Da lokacin kifi ya yi, Mabkhut ya yi ta nuna mini masu launi, shuɗi da ruwan lemo da masu zane. Ni kuwa idona ya tsaya a kan wasu biyu da suke can ƙasa, waɗanda ba wanda yake kallo. Ɗaya ɗan kifi ne rawaya, bai wuce ɗan yatsa ba, bakinsa a turɓune kamar an ci masa bashi. Ɗayan jatan lande ne mai ratsi-ratsi, hannunsa ɗaya ƙato. Su na ɗauka, na ce sun ishe ni.

Ban raɗa musu suna ba, ni ba yarinya ba ce. Maigadi da Magini nake ce musu, wannan kuwa sana'a ce. Jatan landen ba ya gani sosai. Shi dai haƙa ya sani, tun safe yana turo yashi daga rami, ya zubar, ya koma, ya ɗauko ɓawon koɗi ya tokare baki. Kifin kuma ba ya taɓa aikin komai, yana tsaye a bakin ramin yana harare-harare. Duk sanda Magini zai fito, sai ya ɗora dogon gashin bakinsa ɗaya a kan wutsiyar Maigadi, ba ya ɗagawa. Inuwa ta gifta, wutsiyar ta kaɗa, kafin ka ƙifta ido su biyun sun shige. Da yamma kuwa Magini yana jan ɗan dutse ya rufe musu ƙofa. Wani lokaci ina kicin sai in ji ƙas daga falo, shi ne yake buga babban hannun nan nasa, sai in ce masa na ji, ina zuwa.

Da farko ko tari na yi sai su ɓace. A hankali suka saba, har nakan ja kujera dab da gilashi da shayina, Maigadi ya harare ni ya ƙyale. Ina son su, ba na jin kunyar faɗa. Su ne suka sa na koma tashi da wuri, na koma buɗe labule.

Ina da ɗan'uwa ɗaya a duniya, yayana Darwish. Umma ta yi fama da ni in riƙa ce masa Sidi kamar yadda ake kiran babban wa a gidajen mutunci, ban taɓa yi ba. Darwish nake ce masa gatsal, muka tashi muna faɗa kamar kaji. Ya yi aiki a tashar jiragen ruwa har ya yi ritaya, ya saba ya ɗaga yatsa a gudu. Duk tsawon jinyar Umma yakan shigo ya sumbaci goshinta, ya dubi agogo, ya fita. Kashegarin da aka binne ta kuwa sai ga shi da mota da mutane, aka kwashe gadonta da kayan sawarta a kai sadaka, ko tambayata bai yi ba. A wurin zaman makoki, a gaban mutane, na faɗa masa abin da ke bakina, kuma bakina ba ƙarami ba ne. Daga nan muka koma sai saƙon waya ranar sallah. Da matarsa ta rasu bara na je gaisuwa, na zauna a layin baƙi, na sha gahawa na tashi.

Ranar ƙaramar sallah da hantsi aka buga ƙararrawa. Na dafa dibyaza, haɗin busassun 'ya'yan itace mai zaƙi da ake yi da sallah, don al'ada, ba don ina sa ran mai ci ba. Ina buɗewa na gan shi, ya rame, farar rigarsa tana yi masa yawa a kafaɗa. A hannunsa akwai leda cike da ruwa, an ɗaure bakinta da roba.

Sai na ji na ce, "Maraba da Abu Gazi." Sunan da mutanen ofis da maƙwabta suke kiransa ke nan, da sunan babban ɗansa.

Ya ɗan dube ni. Ya ce, "Barka da sallah. 'Yata ta nuna mini hoton da kika sa a waya, na ga tankin naki babu launi."

Ya miƙo ledar. Ja ne jawur kamar barkono, da baƙin zane a gadon baya, da baƙi zagaye da ido kamar ya sha kwalli. Kyau kam yana da shi. Kuma na san shi sarai. Mabkhut yana da irinsa shi kaɗai a tanki guda, shaho ake ce masa, don ba ya yawo kamar sauran kifaye, dutse yake hawa ya zauna yana juya ido yana jiran abin da zai motsa a ƙasa. Abincinsa jatan lande da ƙaguwa.

A gidanmu kyauta ba a ajiye ta gefe. In turare ne a buɗe a shafa a gaban wanda ya kawo, in yadi ne a yafa a kafaɗa, in alawa ce a zuba a faranti a fara miƙa masa. Wanda ya karɓi kyautarka ya tura ƙarƙashin tebur, ya gaya maka kada ka dawo ke nan. Haka Umma ta yi, haka uwarta ta yi. Mutumin da ya yi shekaru bai tako gidan nan ba, ga shi tsaye a kan dardumar da gadon ya bar wa shati, ya goya hannu a baya yana jira.

Na sa ledar a saman ruwa ta yi iyo, na ce sai zafinsu ya zo ɗaya. Na kawo gahawa da dabino. Na buɗe ledar na riƙa ɗiga mata ruwan tanki da cokali, kaɗan-kaɗan, na ja abin iya ja, ko Allah zai kawo mini dabara. Dabara ba ta zo ba. Maigadi yana ƙasa yana kallon jan abin da ke lilo a samansa.

"Ba za ki sake shi ba ne?" in ji Darwish.

Na sake shi. Ya sauka kai tsaye ya hau dutsen da ya fi tsawo, ya kafa fikafikansa kamar mai dogara gwiwar hannu a taga.

"Kin ga zaman manya," Darwish ya ce, yana murmushi. "Wannan Basha ne." Da zai tafi, yana saka takalmi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Zan leƙo Juma'a in ga ko ya saba."

Ya kuwa zo. Juma'ar da ta biyo ma ya zo, da wadda ta bi ta. Daga masallaci yake wucewa gidana. Ni kuma tun Alhamis nake shiri. In dafa shinkafa da kaza a madara yadda yake so, in goge finjalan Umma masu bakin zinare waɗanda ba a fito da su sai an yi baƙi, in sa turaren wuta a can bakin ƙofa don hayaƙi kada ya sauka a ruwa, in sa rigata mai kyau. Ya ci abinci, ya ja kujera gaban gilashi, ya zauna har la'asar. Hirarmu ba ta wuce zafi, da cunkoson hanya, da ko Basha yana cin abinci. Ba mu taɓa ambaton Umma ba. Amma akwai takalmin namiji a bakin ƙofata, akwai wanda zan ce wa ƙara shinkafa. Wallahi na ji daɗin abin nan fiye da yadda zan iya faɗa, kuma tsoro nake ji kada ya yanke.

A cikin tanki kuwa zama ya lalace. Da farko na ga gidan koɗi ɗaya a kife ba ƙaguwa a ciki. Bayan kwanaki na ga wani. Maigadi ya daina fitowa gaba ɗaya, sai kai kawai, fiffikensa na baya ya yage. Magini da yake wuni yana aiki ya koma sai ya turo yashi sau ɗaya ya ɓace. Ƙas ɗin nan na daina jin sa.

Babu abin da ban gwada ba. Na riƙa ɗura wa Basha abinci don ya ƙoshi ya ƙyale su, ya cinye ya koma kan dutsensa, ruwa ya fara kore, na shiga ɗaukar jarka ina canji har bayana ya riƙe. Na yanko ragar roba na raba tankin biyu, in sa ranar Asabar in cire Juma'a da safe kafin Darwish ya zo. Ɗan banzan ya yi tsalle ya tsallake ta. Na tsaya a gabansa na zage shi tas, ya juya ido ɗaya ya dube ni.

Na je wurin Mabkhut na nuna masa hoto a waya.

"Wa ya sayar miki da wannan ɗan ta'addar?" ya ce. "Ba dai ni ba."

"Kyauta ce."

"Daga maƙiyi?"

"Daga yayana. Duk Juma'a yana zuwa duba shi."

Ya shafa gemu, dariyar ta tafi. "Kyauta kam ba a mayar da ita, Abla. Sai dai ki ƙara tanki. Ina da wani mai kyau, kamar don ke aka yi shi."

"Kai dai a ba ka dama ka sayar. Ɗayan ma bayana da ƙyar yake ɗauka. Kuma sabon ruwa sai ya yi wata kafin ya nuna, wa ya ce maka suna da wata?"

Ya ce gaskiya ne. Ya ce in sa ido ranar da jatan landen zai yi saɓa, don ranar ce shaho yake jira.

Wata Alhamis da safe na buɗe labule na ga Magini kwance a bakin rami, cikakkensa, har da babban hannun, fari fat ba motsi. Na zauna a ƙasa. Sai da na matsa na ga ashe fanko ne, ana hango yashi ta cikinsa. Saɓar ce. Magini yana ciki da ransa, jikinsa taushi kamar dafaffen ƙwai, sai ya yi kwanaki kafin sabon ɓawo ya yi tauri. Maigadi ya toshe bakin ramin da jikinsa. Basha kuwa ya bar dogon dutsensa, ya sauko kan wanda yake daidai saman ramin, ya zauna.

Na daɗe a ƙasan nan. Ɗaya dai zai bar gidan yau, wannan ba ya buƙatar shawara. In na fitar da Basha, gobe Darwish zai zo ya ga dutse ba kowa, ya gane an tura kyautarsa ƙarƙashin tebur, ya sa takalminsa. Na san shi, ba zai yi faɗa ba, ba zai dawo ba ne kawai. Na dubi su biyun na ce musu ku yafe ni.

Kama su ba wasa ba ne. Sai da na kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya na zuba a baho, na sa hannu cikin yashi na rushe duk abin da Magini ya gina tun zuwansa. Ashe ramin ya zagaye tankin kaf, da ɗakuna, da ƙofar baya da ban taɓa sani ba, ko'ina an tokare da ɓawon koɗi. Ruwa ya koma kamar kunu. Na kama Maigadi da 'yar raga. Magini kuwa da kofin gilashi na ɗebe shi, don raga za ta yaga shi. Ya ɗaga babban hannun zai buga, bai yi ƙara ba.

A cikin tasi na sa bokitin tsakanin ƙafafuna, na ɗaga murfi ina kallo. Yana ta zagaye gindin bokitin yana lalube da gashin bakinsa, ya taɓa roba, ya taɓa roba, har ya dace da wutsiyar. Sai ya tsaya cak. Direban ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ya kalli hanya.

"Tare za ka ajiye su," na ce wa Mabkhut. "Tare kuma za ka sayar."

"Abla, shago gare ni, ba gidan haya ba. Mai taushin nan dole ya shiga akwati shi kaɗai, in ba haka ba a cinye shi kafin magariba. Kifin kuma layin kifaye. In Allah ya kawo mai son biyun, to."

"In bai kawo ba fa?"

Ya buɗe hannuwa. Ban tsaya na ga an raba su ba, na fito.

Ranar Juma'a na mayar da duwatsu yadda na iya, ruwan ya ɗan kwanta. Basha ya samu gida shi kaɗai, yana tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. Darwish ya ci abinci, ya wanke hannu, ya ja kujerarsa. Na zuba masa gahawa. Sai na ga bai kalli sama inda Basha yake ba. Ya sunkuya, ya gyara tabarau, yana duba kusurwar ƙasa ta hagu.

"Ina ɗan leburan?" ya ce. "Da mai turɓunannen bakin?"

"Na mayar da su shago."

"Don me?"

"Sun yi wa tankin yawa."

"Abu kamar ɗan yatsa ne ya yi yawa? Ni fa jan nan kallo kaɗan ya ishe ni, ba abin da yake yi sai zama. Waɗancan nake zama ina jira su fito. Me ya same su?"

Na gyara zama, na sa murya mai laushi, irin wadda nake yi wa iyayen yara. Na ce ba komai ba ne, dama irin Basha ba ya zama da jatan lande, halittarsa ce, ba laifin kowa ba. Na ce ya cinye ƙaguwa, saura kaɗan ya ci Magini, shi ya sa na ga gara in kai su inda za su tsira. Na ce kada ya damu, Basha ya fi su kyau nesa ba kusa ba.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Tun yaushe kika san haka?"

"Tun yana cikin leda."

Ya dubi finjalin da ke hannunsa, ya juya shi, ya dubi bakin zinaren. Ya dubi rigata. Ya waiwaya wajen ƙofa inda kaskon turare yake hayaƙi.

"Shi ya sa," in ji shi. "Ina ta cewa a raina, me ya sa kullum finjalan baƙi."

"Ai girmamawa ce."

"Asmahan, ke ce fa kika jefe ni da takalmi a gaban abokaina don na saki tantabararki. Har yau ga tabon." Ya taɓa gefen girarsa. "Na shigo miki da abin da zai cinye miki dabbobi, kina gani, kika karɓa da hannu biyu kika ce an gode. Da can cewa za ki yi, Darwish, fitar mini da wannan ƙazantar, sakarai. In yi fushi, in kira ki mai baƙin baki, mu ci abinci."



"Ranar makokin Umma kin zage ni a gaban mutane," ya ce. Karo na farko ke nan da sunanta ya fito tsakaninmu. "Na yi shekaru ina jin zafin abin. Amma ko ba komai ƙanwata ce ta zage ni, kuma tana da gaskiya a rabi. Wurin ƙanwar nan tawa nake zuwa duk Juma'ar nan, ina cewa yau za ta fito, yau za ta fito. Gidana ba kowa, kin sani? Masu ce mini Abu Gazi suna zuba mini gahawa ba su ne na rasa ba."

Kun san abin da na yi? Ni da bakina ya raba ni da rabin dangi. Hannuna ya ɗauki buta da kansa, na ji na ce, "A ƙara maka, Abu Gazi?"

Ya dube ni. Sannan ya girgiza finjalin a hankali, alamar ya isa, kamar yadda baƙo yake yi. Ya ajiye a faranti, ya ce an gode da abinci, Allah ya ƙara buɗi. Ya sa takalminsa ya ja mini ƙofa.

Juma'ar da ta biyo na dafa shinkafar, na fito da kofunan kicin masu tsaguwa, na zauna da rigar zaman gida. Aka sauko daga masallaci, na ji lifta tana hawa tana sauka. Shinkafar ta kai ni har Litinin.

Na koma wurin Mabkhut. Kafin in yi magana ya ce wani mutum ya zo da 'ya'yansa, rawayan ya burge su, sun tafi da shi. Ya ce ya yi musu tayin jatan landen, suka ce me za su yi da abin da ba a gani. Ya nuna mini wani ɗan akwatin roba da ke rataye a gefen tanki. Magini yana ciki, ɓawonsa ya yi tauri. Babu yashi a akwatin, amma yana ta tura gindin robar da hannuwansa, ya kai bango, ya juyo, ya sake. Ba zan iya kai shi gida ba, Basha yana nan. Ba zan iya fitar da Basha ba, don shi kaɗai ne abin Darwish da ya rage a gidan.

Sai da wata Juma'ar ta sake wucewa na ɗauki waya. Na tsaya a kicin na gwada maganar a bakina kafin in kira. Da ya ɗauka ban yi sallama ba.

"Darwish, ka zo ka ɗauke ɗan iskan kifin nan naka. Sakarai kawai, wa ya gaya maka ana sayen kifi don launi?"

Ni kaina na ji yadda ta fito, kamar yarinya tana karanta allo. Ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Wannan ai ni na rubuta miki, Abla," ya ce. "Ke karantowa kika yi."

"To za ka zo ko ba za ka zo ba?"

"In sha Allahu."

Na riƙe wayar ina jira ya ambaci rana. Ya tambaye ni bayana, na ce da sauƙi. Ya ce in riƙa shafa magani, kada in ɗauki abu mai nauyi. Ya ce a huta lafiya.

Kewar su ukun nake yi, Maigadi da Magini da Darwish, kuma wanda ba na so shi ne ya rage mini. Na fito falo, yana kan dutsensa, ya juyo ido yana bin hannuna don lokacinsa ya yi. Na buɗe firji na ɓallo masa abincinsa na narkar a cokali. 'Yan jatan lande ne daskararru, su ya fi so.